Kiredit Huɗu Daga Rabat

Ranar da na fara kawo wa mahaifina maganar tafiya Maroko, kalma ɗaya ce ta kusan ɓata zancen tun ba a je ko'ina ba. Na ce masa akwai wani shiri na hutun bazara da ake kai ɗaliban sakandare ƙasar waje su yi mako huɗu suna koyon harshe, kuma wanda ya kammala za a ba shi kiredit. Baba mutumin Maraɗi ne, kuma ɗan Faransancin da ya tsinta a kasuwa ya koya masa cewa kiredi bashi ne, saboda haka sai ya ajiye kofin shayinsa ya ce, "Uwata, bashi za ki ɗauko mana tun kina aji 11?" Sunan mahaifiyarsa aka sa mini, shi ya sa ba ya kama sunana. Kawuna da ke zaune tare da mu a ranar, wanda ya yi sakandarensa a Katsina, shi kuma ya ɗauka irin kiredit biyar ɗin nan ne da ake nema a jarrabawar gama sakandare, har da Turanci da lissafi, ya ce ai wannan abin alheri ne. Sai da na ɗauko takarda da biro kafin kowa ya gane abin da nake nufi.

A jami'o'in Amurka kiredit ma'auni ne na yawan karatun da ɗalibi ya yi, kamar yadda ake auna hatsi da tiya. Digirin farko na shekara huɗu yana bukatar kiredit 120 a yawancin jami'o'i, darasi guda kuma yakan ɗauki 3 ko 4, kuma kowane kiredit ɗaya daidai yake da kimanin awa 15 na zaman aji, ban da karatun da ɗalibi zai yi shi kaɗai. Wanda yake son gamawa a kan lokaci yakan ɗauki 15 a kowane zango, zango takwas ke nan. Abin da ya sa iyaye ke buɗe kunne idan aka ambaci kalmar shi ne ana iya fara tarawa tun daga sakandare, kuma duk abin da yaro ya shiga jami'a da shi a hannu, in dai an karɓa, ba sai ya sake zama ajinsa ba. Wannan sharaɗi na karɓa shi ne wanda ban ba shi muhimmanci ba a ranar, kuma shi ne ya zo ya tsone mini ido bayan shekara ɗaya da rabi.

An haife ni a Girinsboro da ke jihar Karolina ta Arewa, garin da mutanen Nijar suke da yawa har mutum yakan ji Hausa da Zabarmanci a shagon sayar da kayan abinci. Ina da shekara biyar aka kai ni wajen kakata a Maraɗi domin kada harshe da tarbiyya su kuɓuce mini, na yi shekara biyar a can, ina zuwa lakwal, wato makarantar boko, da safe, makarantar allo da yamma. Na dawo Amurka da izu biyar a kaina da ƙira'ar Warshu, da kuma hannun da ya saba rubuta fa da ɗigo a ƙasa, ƙaf da ɗigo ɗaya a sama. A Islamiyyar ƙarshen mako da aka sa ni, malaminmu da Hafsu yake karantarwa, kuma ranar farko da na karanta Fatiha na ce "maliki yaumiddin" ba tare da jan mim ba, ya tsayar da ni ya gyara, yara suka yi dariya. Bai yi da mugunta ba, amma ni abin da na ɗauka daga wannan rana shi ne karatun garinmu karatun ƙauye ne da ya kamata in ɓoye. Na ɓoye shi shekara shida, na kuma ci gaba da karanta Larabci ba tare da sanin ma'anar abin da nake karantawa ba, kamar yadda da yawanmu muke yi.

Malamar ba da shawara ta makarantarmu ce ta fara yi mini maganar tafiyar, a watan Disamba na 2017. Ta ce abin da ya fi dacewa da ni shi ne shirin NSLI-Y na Ma'aikatar Harkokin Wajen Amurka, wanda aka kafa a 2006, yake kai ɗaliban sakandare koyon harsuna irin su Larabci da Sinanci da Rashanci da Turkanci, gwamnati kuma ita ke biyan komai. Sai dai ana rufe karɓar takardunsa tun cikin kaka, ni kuwa ban taɓa taka ofishinta ba sai da lokaci ya wuce, wannan kuma sakacina ne. Abin da ya rage shi ne shirye-shiryen ƙungiyoyi masu zaman kansu, waɗanda ake biya. Wanda na zaɓa yana kai ɗalibai Rabat, mako huɗu, awa uku na aji kowace rana daga Litinin zuwa Jumma'a, zama a gidan 'yan ƙasa, da kiredit 4 ga wanda ya nema. Kuɗinsa ya haura dala 5,000, ban da tikitin jirgi. Na rubuta takardar neman tallafi, na haɗa da shaidar abin da iyayena ke samu, suka yafe mini fiye da rabi.

Kuɗin da ya rage ba shi ne babban cikas ba. Baba direban babbar mota ne, mutum ne da ya ga hanya ya ga abin da ke cikinta, kuma bai ga dalilin da zai sa budurwa 'yar shekara 17 ta ƙetare teku ba tare da muharrami ba, ta kwana a gidan mutanen da ba mu san asalinsu ba. Ya ce yawon buɗe ido na 'ya'yan masu kuɗi ne. A nan ne na fito da kiredit ɗin nan na kafa shi a gabansa, domin na san idan na ce ina son ganin duniya zancen ya mutu, amma idan na ce karatu ne da zai rage kuɗin jami'a, zai saurara. Na yi masa lissafi a takarda, na raba kuɗin shekara guda na jami'a da 30, na ninka da 4, na nuna masa adadin a matsayin ribar da za mu ci. Lissafin ba daidai ba ne, ko da yake a lokacin ni ma na yarda da shi. Ya karɓi takardar ya ninke ya sa a aljihu, ya yi mako biyu bai ce uffan ba.

Abin da aka tattauna tsakaninsa da limamin masallacinmu, da kuma tsakaninsa da Inna cikin dare, ba a gaya mini ba. Abin da na sani shi ne wata Lahadi ya kira ni ya gindaya sharuɗɗa: gidan da za a sauke ni ya zama babu saurayi a cikinsa, jagorar tawagarmu ta zama mace kuma ya yi magana da ita da bakinsa, in kira gida kowace rana bayan sallar Magariba. Sannan ya yi shiru, ya ce, "In an kai ku Fas, ki je ki gaida Shehu." Baba Batijjane ne tun tasowarsa, bai taɓa zuwa Fas ba, kuma ina kyautata zaton wannan ne ya karya masa gwiwa, ba lissafina ba. Inna kuwa, wadda kitso ne sana'arta, ta roƙi matan da suke adashi tare su ba ta kwasar watan Afrilu maimakon ta Satumba, da ita aka cike kuɗin aka sayi tikiti.

A cikin takardun da na cike akwai wani ɗan akwati da mutum zai yi wa alama idan yana son kiredit, da ƙarin kuɗi kaɗan. Ƙasan shafin an yi bayani da ƙananan haruffa cewa ƙungiyar ba jami'a ba ce, ba ta da ikon ba da kiredit da kanta, wata jami'a ce a wata jiha take duba manhajar, ta amince da malaman, ta rubuta sakamakon a kundinta kamar a can aka yi karatun. An kuma rubuta cewa karɓar kiredit ɗin ko ƙin karɓarsa yana hannun jami'ar da ɗalibi zai shiga daga baya, don haka a tuntuɓe ta tukuna. Na karanta wannan layi, na wuce shi, tunda a lokacin ban ma san jami'ar da zan shiga ba.

Mun tashi daga Niyok a farkon watan Yuli na 2018, mu ashirin da ɗoriya, muka sauka Kasablanka bayan kimanin awa bakwai. Mai fasfo ɗin Amurka ba ya bukatar biza idan zamansa bai wuce kwana 90 ba. An sauke ni a Sale, garin da kogin Bu Ragrag ya raba shi da Rabat, a gidan wata gwauruwa mai 'ya'ya mata biyu, wadda na riƙa kira khalti, wato innata, ita kuma tana ce mini binti. Daren farko ta ajiye tajin, wani dafaffen abincin ƙasar, a tsakiya, ta riƙa turo mini nama gabana tana cewa "kuli, kuli," ni kuma ina waige-waige ina neman inda ƙuliƙulin yake, sai da babbar 'yarta ta nuna mini baki da hannu na gane cewa ci ake ce mini in yi. Kowace safiya nakan hau taragon lantarki in ƙetare gada, hasumiyar Hasan tana tsaye a gefen hagu ko dama gwargwadon inda na zauna, wadda Sarki Yakubu al-Mansur ya fara ginawa aka bar ta ba a ƙarasa ba bayan rasuwarsa a 1199.

Ranar farko aka yi mana jarrabawar tantance mataki, kuma ni na rikita malaman. Na karanta shafi guda da ƙarfi ba tare da tuntuɓe ba, aka tambaye ni abin da na karanta, na kasa cewa komai. Suka sa ni a ajin masu farawa, tare da yaran da ba su taɓa ganin alif ba, na ji haushi ƙwarai, amma kafin mako ya ƙare na gane sun yi daidai. Abin da na zo da shi daga gida ya fi abin da na zata yawa. Ranar da aka koyar da kwanakin mako, abokan karatuna suna fama da hadda, ni kuwa ina jin Lahadi da Litinin da Talata da Laraba da Alhamis suna fitowa ɗaya bayan ɗaya cikin tufafinsu na asali. Haka ashirin da talatin da arba'in da hamsin, haka alƙalami da albasa da labari da lafiya. Wata rana malaminmu ya tsaya a kaina yana duba littafina, ya ga na mance na sa ɗigon fa a ƙasa, na yi sauri zan goge, ya riƙe hannun rigarsa yana dariya ya ce haka kakansa yake rubutu, haka kuma aka rubuta tsofaffin Alƙur'anan ƙasarsu. Ya tambaye ni wanda ya koya mini, na ce wani malami ne a zaure a Maraɗi. Ya sa na tashi na rubuta a allo domin sauran su gani, sannan ya ce a jarrabawa in sa ɗigon a sama, saboda waɗanda za su duba takardar a Amurka ba su san kakansa ba.

Kada mai karatu ya ɗauka hutu muka je. Awa 60 na aji a cikin mako huɗu shi ne abin da ɗalibin jami'a ke yi a darasi ɗaya cikin wata huɗu, kuma nahawun Larabci ba ya sassauta wa kowa don yana bakin teku. Akwai aikin gida kullum, da gwaji kowace Jumma'a, da rajistar halarta da ake ɗauka safe da rana, tunda jami'ar da za ta sa hannu ba ta amincewa da awannin da ba a zauna ba. Wani yaro a ajinmu ya yi fashin kwana uku saboda ciwon ciki da kuma kwana ɗaya saboda barci, aka ce masa zai ci gaba da zama tare da mu amma batun kiredit ya wuce shi. Wahalar da ta fi damuna ita ce Larabcin aji daban, na gida daban. Da safe muna koyon fusha, da yamma in koma gida in tarar da darija, wadda ke haɗiye wasula ta kuma cakuɗa da Faransanci da harshen Amazig. Idan na yi wa khalti magana da abin da na koya a aji, sai ta ce na yi kama da mai karanta labarai a talabijin.

A mako na biyu na bi ta masallacin unguwa sallar Magariba. Bayan an idar, maza suka zauna a gaba suka fara karatun hizbi baki ɗaya da murya guda, kamar yadda ake yi a masallatan ƙasar bayan Asuba da Magariba, mu kuma muna ji daga sashen mata. Ban yi minti ɗaya ina saurare ba na ji "yuminuna" babu hamza, na ji an karkatar da wasula daidai inda malaminmu na zaure yake karkatarwa. Bakina ya kama bin su da kansa, izun da na binne shekara shida suka taso ba tare da na neme su ba. Khalti ta juyo tana kallona, da muka fito ta riƙe hannuna har gida tana gaya wa duk matar da muka gamu da ita cewa Ba'amurkiyarta tana karatu da Warshu. Daren nan da na kira gida, rana ba ta faɗi ba a Girinsboro tunda awa biyar ce tsakaninmu, na kasa yi wa Inna bayanin abin da ya sa nake kuka, har ta tsorata ta ɗauka wani abu aka yi mini.

Ba kowace rana ce mai daɗi ba. A titi ba wanda ya yarda cewa daga Amurka nake, wasu samari sun jefe ni da kalmomin da sai daga baya aka fassara mini su, kuma mai shago yakan sake fuska idan ya ga ina tare da fararen abokaina, abin da ba ya yi idan ni kaɗai ce. Na ga mutanen ƙasashenmu a bakin tashoshi suna neman abin da za su ci, kamanninmu ɗaya, bambancinmu launin fasfo.

Tafiyar Fas ta faɗo a ƙarshen mako na uku, kimanin awa uku a jirgin ƙasa. Tsarin tawagar shi ne a zaga tsohon gari, a ga majemar fatu, a leƙa masallacin Ƙarawiyyin da Fatima al-Fihri ta kafa a shekarar 859, kuma tunda a Maroko wanda ba Musulmi ba ba ya shiga yawancin masallatai, abokaina daga bakin ƙofa suka tsaya. Na roƙi jagorarmu awa ɗaya, ta haɗa ni da wata ma'aikaciya 'yar garin, muka kutsa lunguna har zawiyar Shehu Ahmadu Tijjani, wanda ya rasu a Fas a 1815 aka kuma binne shi a nan. Tun kafin mu isa ƙofar na fara jin Wolof, sannan na ji wata dattijuwa tana ce wa jikarta, "Ke, riƙe mini takalmina." Na durƙusa na gaishe ta, ta ce daga Kano suke, ta tambaye ni 'yar gidan wa ce, na faɗa mata, ta sa mini albarka kamar ta san gidan. Da na fito na kira Baba, yana kan hanya da mota, ya ce in dakata ya sami wurin tsayawa. Na ce, "Baba, na isar da gaisuwarku." Ya daɗe bai yi magana ba, sannan ya ce, "Allah ya yi miki albarka, Uwata," ya kashe wayar.

Jarrabawar ƙarshe rubutu ce da hira ta minti goma sha biyar, na fita da makin B. A bikin sallama aka ba kowannenmu takarda mai kauri da hatimin zinariya da sunansa a tsakiya, na kawo ta gida Inna ta sa a gilashi ta rataye a falo. A aji 12, ajin ƙarshe na sakandare, na shiga wani tsari na jiharmu da ke ba ɗaliban aji 11 da 12 damar ɗaukar darussa a kwalejin shekara biyu ba tare da biyan kuɗin karatu ba, na yi darasi uku, kiredit 9. Na kuma zauna jarrabawar AP guda ɗaya, wato jarrabawar darasin matakin jami'a da ake yi tun a sakandare don neman kiredit, wadda ake ba da makinta daga 1 zuwa 5, kuɗinta bai kai dala 100 ba, na sami 4.

A watan Agusta na 2019 na shiga wata jami'ar gwamnati a jiharmu. Da na buɗe shafina a kwamfuta na ga kiredit 9 na kwaleji sun shiga, 3 na AP sun shiga, na Rabat babu ko alamarsu. Na cire takardar nan daga gilashinta na kai ofishin magatakarda, matar da ke wurin ta duba ta ce kyakkyawa ce amma shaidar halarta ce kawai, abin da suke karɓa shi ne takardar sakamako da jami'ar da ta ba da kiredit ɗin za ta aiko musu kai tsaye, ba ta hannun ɗalibi ba. Ashe ni ce ya kamata in nema in biya kuɗin aikawa, ba wanda zai yi mini. Na nema, aka aiko bayan mako uku, aka sake ɗaukar wata guda ana dubawa, sannan amsa ta fito cewa an karɓi kiredit 4 a matsayin darasin zaɓi na gama-gari. Ma'anar wannan ita ce za su shiga cikin 120 ɗin, amma ba za su sauke mini wajibcin harshen waje da kwas ɗina ya ɗora mini ba, wato sai in koma ajin alif da ba, in sake zama wata huɗu a kan abin da na riga na ci jarrabawarsa.

Dalilin bambancin na gane shi daga baya. Tsakanin kwalejojin shekara biyu na jiharmu da jami'o'in gwamnatinta akwai yarjejeniya rubutacciya da ta jera darussan da za a karɓa idan ɗalibi ya sami C ko sama da haka, don haka babu wanda zai tsaya yin nazari. Darasin da ya zo daga jami'ar wata jiha kuwa, wanda kuma aka koyar a wata nahiya, sai wani mutum ya zauna ya yanke hukunci ko ya yi daidai da nasu, kuma idan ba shi da hujja a gabansa, ya fi masa sauƙi ya jefa shi cikin na zaɓi. Aka ce in kawo manhajar darasin, da sunan littafin da muka yi amfani da shi, da babukan da muka kai, da samfurin jarrabawa. Ni kuwa na tabbata na zubar da waɗannan takardu tun a Sale don in sami wurin sa tsaraba. Na kira Inna ina ƙorafi, ta ce in bari ta duba. Ashe ranar da na dawo ta kwashe duk wata takarda da ta tarar a ƙasan akwatina, har da tikitin tarago, ta zuba a jakar da take ajiye takardun haihuwarmu, saboda a wajenta takarda mai rubutun Larabci ba a jefa ta a shara. Manhajar tana ciki, da gwaje-gwajen Jumma'a uku.

Na kai wa shugaban sashen harsuna, ya duba, ya tura ni wajen malamar Larabci, ta yi hira da ni ta minti ashirin. Na manta abubuwa da yawa a cikin shekara guda, kuma rabin abin da ya fito daga bakina darija ce, har ta yi murmushi ta tambaye ni unguwar da na zauna. Ta rubuta cewa a mayar da darasin daidai da Larabci na matakin farko. Kafin gyaran ya bayyana a shafina an shiga watan Nuwamba. Makin B ɗin bai shiga lissafin matsakaicin makina ba, tunda a jami'armu kiredit ɗin da aka kawo daga waje adadinsa kawai ake ɗauka, amma yana nan a kundin waccan jami'ar, kuma da na zo neman digiri na biyu sai da na sake biya aka aiko da shi.

Lissafin da na yi wa Baba a takarda ya rushe ne a kan wani abu mai sauƙi. A jami'armu ɗalibin da ke karatu cikakken lokaci kuɗin zango yake biya dunƙule, ko ya ɗauki kiredit 12 ko 16, saboda haka kiredit 4 su kaɗai ba sa rage ko sisi. Ana ganin amfaninsu a aljihu ne kawai idan sun taru da wasu har suka kai a tsallake zango guda cur. Nawa sun taru sun zama 16, na gama a Disamba na 2022 cikin zango bakwai maimakon takwas, muka tsira da kuɗin karatu da na ɗaki na wata huɗu. Amma gaskiyar magana ita ce 12 daga cikinsu kusan kyauta na same su ina kwana a ɗakinmu, kuma ko babu na Rabat da na iya cike giɓin da ƙarin darasi ɗaya a wani zango. Duk wanda ya ce mini kiredit kawai yake nema wa ɗansa, kwalejin da ke bayan gidansa nake nuna masa. Na faɗa wa Baba haka da bakina ranar da na karɓi sakamakona na ƙarshe, na ce lissafin nan da na ba ku akwai kuskure a ciki. Ya ce ya sani tun ranar, domin ya kai takardar wajen wani abokinsa mai 'ya'ya biyu a jami'a kafin ya je wajen liman.

Bana ƙanwata ce ta kai aji 11, kuma tun watan Satumba na kai ta ofishin malamar ba da shawara don kada kaka ta wuce ta kamar yadda ta wuce ni. Ita Turkanci take so. Da aka kira taron iyaye ta intanet, Baba ya sa na zauna kusa da shi ina fassara masa, ya bari sauran iyaye suka gama tambayoyinsu a kan abinci da wanki da wayar salula, sannan ya ce in tambaya masa ko akwai kiredit, in akwai wace jami'a ce za ta rubuta shi, kuma ko za a ba yara manhajar a rubuce su dawo da ita. Matar da ke jagorantar taron ta ce ba a saba yi mata wannan tambaya ba, za ta bincika ta aiko mana da amsa. Inna tana daga kicin ta ɗaga murya ta ce ko sun bayar ko ba su bayar ba, a gaya wa yarinyar kada ta zubar da komai.